Leza mai kwarara ko mai bugu: yadda ake zaɓar wadda ta dace da aiki

Abu na farko da mai sayar da na'urar leza zai gaya maka shi ne wat: wannan 20 ce, waccan 1,500 ce. Wat kuwa rabin magana ne. Ga leza biyu, kowacce wat 20. Ɗaya za ta haƙa lamba a jikin ƙarfe, ka ɗauke shi nan take ba zafi. Ɗayar iyakarta ta ɗumama ƙarfen ta sauya masa launi. Bambancinsu yana cikin yadda kowacce ke sakin haskenta. Wata tana sakinsa bai ɗaya ba yankewa, kamar famfon da aka buɗe aka bari. Ita ce mai kwarara, a takardar na'ura za ka ga an rubuta CW. Wata kuma tana tara makamashin, ta sake shi a ɗan ƙanƙanin lokaci, ta huta, ta sake tarawa. Ita ce mai bugu.

Ka ɗora tafin hannunka a kan ƙusa ka danna da duk nauyinka, ba za ta shiga katako ba. Ka ɗauki guduma ka buga, ta shige. Ba ƙarfinka ne ya ƙaru ba, lokacin da ka zuba shi ne ya gajarta. Wannan shi ne jigon zaɓin gaba ɗaya.

Tun farkon tarihin leza iri biyun suka zo tare. Ta farko da ta yi aiki a duniya mai bugu ce: Theodore Maiman ya kunna ta ran 16 ga Mayu 1960 a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu a Amurka, da sandar yakutu da fitila mai walƙiya. A Disamban shekarar Ali Javan da William Bennett da Donald Herriott suka kunna ta gas ɗin hiliyam da niyon a Bell Labs, ita ce ta fara ba da haske ba yankewa. A 1964 Kumar Patel ya fito da lezar CO2, wadda har yau ita ce a cikin injinan da ke yanka akirilik da katako a shagunan allunan talla.

Lambobi huɗu da za ka nema kafin ciniki

Ga leza mai kwarara lamba ɗaya ta isa, wato ƙarfinta da wat, don ba ya hawa ba ya sauka. Ga mai bugu sai ka san huɗu: matsakaicin ƙarfi da wat, yawan bugu a sakan ɗaya wanda ake rubutawa da Hz ko kHz, tsawon kowane bugu, da makamashin bugu ɗaya da jul ko milijul, wato kashi ɗaya cikin dubu na jul. In aka ba ka ukun farko za ka iya fitar da sauran da kanka.

Makamashin bugu ɗaya: raba matsakaicin ƙarfi da yawan bugu a sakan.
Ƙololuwar ƙarfi: raba makamashin bugu ɗaya da tsawon bugun.
Rabon aiki: ninka tsawon bugu da yawan bugu a sakan, shi ke nuna kashi nawa na lokaci hasken yake a kunne.

Ɗauki lezar faiba, wadda ake samar da haskenta a cikin siririn zaren gilashi, ta rubutu a ƙarfe, irin mai wat 20 da ta cika kasuwa. A 20 kHz tana bugu sau 20,000 a sakan. Raba 20 da 20,000, kowane bugu yana ɗauke da milijul 1. Tsawon bugun kusan nanosakan 100 ne, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Raba milijul 1 da nanosakan 100, ka sami wat 10,000. Wato na'urar da aka rubuta wa 20 tana dukan ƙarfe da kilowat 10 a kowane bugu, ninki 500 na abin da ke kan takarda. Rabon aikinta kashi 0.2 ne cikin ɗari. Sauran lokacin duk a kashe take.

Yanzu shigo da girman ɗigon hasken, don ƙarfi ba ya aiki sai an san faɗin wurin da ya sauka. In gilashin tattarawa ya matse hasken zuwa ɗigo mai faɗin maikiron 50, wato kusan kaurin siririn gashi (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), filin ɗigon bai wuce kashi 2 cikin 100,000 na murabba'in santimita ba. Wat 20 mai kwarara a wannan ɗigo ya kai wajen wat miliyan 1 a kowane murabba'in santimita. Kilowat 10 na mai bugu ya kai wajen miliyan 500. Na farko yana ɗumamawa, ya ɗan narkar. Na biyu yana mayar da fatar ƙarfen tururi kafin zafin ya sami hanyar shiga ciki.

Nisan da zafi ke tafiya

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimta sosai, don yawancin ɓarnar da ake yi wa kayan mutane daga nan take. Zafi ba ya zama inda aka ajiye shi, yana malala cikin ƙarfen, kuma nisan da zai yi ya dogara da lokacin da aka ba shi. Sai dai ba kai tsaye ba: in ka rage lokacin sau 100, nisan yana raguwa sau 10 ne.

A ƙarfe marar tsatsa, bugun milisakan 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, yana barin zafi ya shiga kusan maikiron 125. Bugun nanosakan 100 yana barinsa ya shiga maikiron 1 da ɗan ɗoriya. Bugun fikosakan 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na nanosakan, bai ba shi damar wuce 'yan nanomita goma sha ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiron), shi ya sa ake yanka gilashin waya da siraran bututun da ake sa wa a jijiyar zuciya da irin wannan leza ba tare da gefen ya ƙone ba. A jan ƙarfe, wannan nisa yana ninka kusan sau biyar, saboda saurin da yake kwashe zafi. Ga mai kwarara kuma lokacin shi ne tsawon zaman da ɗigon ya yi a wuri kafin ya matsa. Ɗigo mai faɗin milimita 0.2 da ke tafiyar milimita 20 a sakan yana zama milisakan 10 a kowane wuri, ninki 100,000 na bugun lezar rubutu.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: aikin nan narkarwa yake so ko kankarewa? In kana son ƙarfe ya narke ya haɗe, ko ya narke a hure shi daga hanyar yanka, kana buƙatar zafin ya shiga ciki, kuma mai kwarara ce ke ba shi lokaci. In kana son cire abu daga sama ka bar na ƙasa lafiya, mai bugu kake nema.

Yanka

Farantin ƙarfe aikin mai kwarara ne. Lezar faiba mai kilowat 1 tana yanka baƙin ƙarfe har wajen milimita 10 da iskar oksijin, marar tsatsa kuma wajen milimita 4 zuwa 5 da naitirojin. Oksijin yana ƙona ƙarfen ya ƙara zafi, don haka ɗan matsi kaɗan yake so, sau da yawa ƙasa da bar 1 (bar ma'aunin matsin iska ne) a faranti mai kauri. Naitirojin ba ya ƙonawa, turawa kawai yake yi, shi ya sa ake kai shi bar 10 zuwa 20. In ka ga kashin maƙera ya maƙale a ƙasan yankan, duba abu uku bi da bi: matsin gas, wurin da tsinin hasken, wato inda ya fi matsewa, ya sauka, sannan sauri.

Amma ko injin yanka ma yana komawa bugu a wurare biyu. Na farko wajen huda ramin farawa. In ka saki cikakken ƙarfi a kan faranti mai kauri wuri ɗaya, narkakken ƙarfe ba shi da mafita sai sama, ya fantsamo ya ɓata gilashin kariya da ke cikin kan injin, ramin kuma ya yi faɗi kamar an fasa shi. Da gajerun bugu ramin yana sauka a hankali, gas yana kwashe narkakken a tsakanin bugu da bugu. Na biyu a kusurwa mai tsini da ƙananan ramuka, inda kan injin yake rage gudu. Gudu ya ragu ƙarfi bai ragu ba, kusurwar ta cinye. A nan ake sa injin ya riƙa kunnawa da kashewa, ko ya rage ƙarfi daidai da raguwar gudu.

Akwai ruɗani ɗaya da ya kamata a kawar. Kunna mai kwarara da kashe ta da sauri bai mayar da ita mai bugu ta gaske ba. Leza mai wat 100 da aka sa ta aiki rabin lokaci tana ba da matsakaicin wat 50, ƙololuwarta kuma tana nan a wajen 100. Ba ta tara komai ba a lokacin da take kashe. Mai bugu ta gaske tana da hanyar tarawa a cikinta. A irin da ake kira Q-switch, ana toshe hanyar hasken a cikin lezar har makamashi ya cika, sannan a buɗe. Robert Hellwarth da Fred McClung ne suka fara nuna wannan a Hughes a farkon shekarun 1960. In mai sayarwa ya ce na'urarsa tana yin duka biyun, tambaye shi ƙololuwar ƙarfi. In daidai take da ƙarfin da take bayarwa lokacin kwarara, kunnawa da kashewa ce kawai.

Injin CO2 mai bututun gilashi na wat 40 zuwa 150 yana cikin masu kwarara. Yana yanka akirilik da katako da fata da kyau, amma bututun gilashi ba ya saurin kunnuwa da mutuwa, shi ya sa zanen hoto mai ƙananan ɗigo ya fi fita tas a bututun ƙarfe mai aiki da igiyar rediyo. Kada ka sa PVC a cikinsa ko da sau ɗaya: yana fitar da iskar haidirojin kuloraid, mai cin huhu da cin ƙarafan injin.

Walda

A nan duka biyun suna da wurinsu. Mai kwarara ta kilowat 1.5, irin wadda ake riƙewa a hannu, tana gudu a kan falle mai kaurin milimita 1 zuwa 2 da saurin da waldar agon ba ta kamowa. A babbar leza irin wannan, in ƙarfin ya kai wajen wat miliyan 1 a murabba'in santimita, tururin ƙarfe yana buɗa siririn rami a cikin narkakken, hasken ya bi ta ciki, waldar ta yi zurfi ba faɗi. Matsalarta ita ce in ramin ya rufta sai ya kulle kumfa a ciki. Sanadin yawanci datti ne, ko mai, ko rufin zinki da bai sami wurin fita ba, ko gas ɗin kariya da bai rufe wurin ba.

Mai bugun milisakan ita ce ta ƙananan abubuwa: gyaran zobe da sarƙa kusa da dutse, firam ɗin tabarau, cike gefen abin zubi da ya lalace, rufe ƙaramin akwatin lantarki wanda zafi zai kashe abin da ke ciki. Tsofaffin injinan Nd:YAG, masu sandar kiristal da fitila, suna yin wannan, sababbi kuma na faiba ne da ake rubuta wa QCW. Za ka ga an rubuta 150/1500, ma'ana matsakaici wat 150, ƙololuwa 1,500, rabon aiki kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari.

Ɗinkin mai bugu jerin ɗigo ne da ke hawa kan juna. In ana son ya hana iska ko ruwa wucewa, kowane ɗigo ya rufe kashi 70 zuwa 90 na wanda ya gabace shi. Da ɗigo mai faɗin milimita 0.5 da rufi kashi 80, kowane bugu yana matsawa milimita 0.1. A bugu 20 cikin sakan, saurinka milimita 2 ne a sakan. Ka ga dalilin da ba a ɗinke ƙofar gida da ita. Illarta ta biyu saurin hucewa. Kowane ɗigo yana daskarewa cikin 'yan milisakan, kuma alminiyam na jerin 6000 da ƙarfe mai yawan kabon suna tsagewa a tsakiyar ɗigon. Maganin shi ne a sa wutsiyar bugun ta sauka a hankali maimakon yankewa farat ɗaya, ko a ƙara wayar ciko da ta dace.

Jan ƙarfe yana da nasa hali. Yana da sanyi yana shan kusan kashi 5 ne kawai na hasken faiba, sauran ya mayar. Da ya fara narkewa sai shansa ya yi tsalle, don haka ƙarfin da bai yi komai ba ɗazu yanzu ya huda. Hasken da ya koma kuma yana iya bin hanyarsa ya lalata lezar. Karkatar da kan injin 'yan digiri kaɗan, kuma ka tabbatar na'urar tana da kariya daga hasken da ke komawa.

Rubutu a ƙarfe da kankare tsatsa

Rubutu aikin mai bugun nanosakan ne. Akwai iri biyu a kasuwa. Mai Q-switch tsawon bugunta a kulle yake a wajen nanosakan 100, ta fi araha, kuma ta isa haƙa lamba da tambari. Mai MOPA tana bari ka zaɓi tsawon bugun, daga 'yan nanosakan zuwa ɗaruruwa. Da gajeren bugu mai yawa ake samun baƙin rubutu a alminiyam mai rufi, da launuka a ƙarfe marar tsatsa, da rubutu a roba ba tare da ta kumbura ba. In aikinka lambar injin da sunan mai kaya ne, kuɗin MOPA ba dole ba ne.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne ɗaukar cewa ƙara yawan bugu ƙara ƙarfi ne. Akasin haka ne. Wat 20 a 20 kHz milijul 1 ne a bugu, a 80 kHz ya koma kwata. Rubutun zai yi laushi da santsi, amma ba zai haƙa ba, zafi kuma zai taru don bugun na gaba yana isowa kafin wurin ya huce. In kuma ka sauka ƙasa da iyakar da maƙerin ya sa, na'urar za ta rage matsakaicin ƙarfi da kanta don kare faibar.

Sai sauri. Raba saurin tafiya da yawan bugu, ka sami tazarar ɗigo da ɗigo. Milimita 500 a sakan a 20 kHz yana ba da maikiron 25, rabin faɗin ɗigon, layi ya fita a haɗe. A milimita 2,000 tazarar ta zama maikiron 100, layin ya koma ɗigo-ɗigo kamar carbi. Kafin ka taɓa kayan mai kaya, samo guntun irin ƙarfen, ka zana murabba'ai 25 masu faɗin milimita 5, layi biyar na sauri daban-daban, ginshiƙi biyar na yawan bugu daban-daban, ƙarfi ɗaya. Rubuta lambobin a gefe, ka ajiye guntun. Abu biyu kawai ake sauyawa a gwaji ɗaya. Kuma ka fara tabbatar da tsayin kan injin, don kuskuren milimita 1 ko 2 ya isa ya faɗaɗa ɗigon, in faɗin ya ninka biyu kuwa ƙarfin da ke sauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Wajen kankare tsatsa da fenti ana sayar da iri biyun, kuma a nan ne mutane suka fi yin zaɓen tumun dare. Mai kwarara ta wat 1,500 zuwa 3,000 ta fi arha a kowane wat, ta fi sauri, ta dace da ginshiƙan ƙarfe da tankuna da duk abin da kaurinsa zai shanye zafi. A jikin mota ko falle siriri tana lanƙwasa ƙarfen, ta bar shi da shuɗin ƙuna, wani lokaci ta narkar da fuskarsa. Mai bugu ta wat 100 zuwa 300 tana tafiya a hankali amma tana ɗauke dattin ta bar asalin yadda yake, ita ce ta abin zubi, da alminiyam, da kayan tarihi.

Aunawa da kula da na'ura

Ma'aunin wat mai aiki da zafi matsakaici kawai yake nunawa, ko da wace iri ce. Don makamashin bugu ɗaya akwai ma'aunin jul dabam, don tsawon bugu kuma sai na'urar gane haske mai sauri da osiloskof, mai zana siginar lantarki a allo. Kada ka ɗora tsinin hasken a fuskar ma'auni. Ma'aunin da ke jure wat 100 mai kwarara yana iya hujewa da wat 20 mai bugu, don abin rufinsa ma kankaruwa yake yi. Matsar da shi nesa har ɗigon ya cika wajen rabin fuskarsa.

Manyan masu kwarara ruwa ke sanyaya su, ƙananan masu bugu galibi iska ta ishe su. Faiba tana mayar da kashi 30 zuwa 40 na wutar da ta ci zuwa haske, CO2 wajen kashi 10, mai fitila kashi 2 zuwa 3, sauran duk zafi ne da sai an kwashe. Lezar kilowat 1.5 da na'urar sanyayarta za su ci kilowat da dama, don haka a lissafa janareto da sitabilaiza tun kafin saye. Ruwan bututun CO2 ya zauna tsakanin digiri 18 da 25, kuma tataccen ruwa ne, ba na rijiya ba. Da damina, in ruwan ya fi iskar ɗakin sanyi sosai, raɓa tana taruwa a madubi da gilashi, sai a ɗaga zafin ruwan ko a sa na'urar sanyaya ɗaki. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ƙwaya ɗaya a gilashin kariya tana shan haske, ta ƙone, ta bar tabon da zai fasa gilashin. A duba shi kowace safiya a ƙarƙashin fitila, a canza shi a wuri marar iska.

Ido

Duk injinan da aka ambata suna aji na 4 a ma'aunin IEC 60825-1 in an buɗe murfinsu, ajin da ko hasken da ya warwatsu daga jikin ƙarfe yana iya yin lahani. Hasken faiba da Nd:YAG, mai tsawon zango wajen nanomita 1,064, ba a ganinsa, don haka ido ba ya ƙiftawa, kuma yana ratsa ƙwayar ido ya tattaru a bayanta. Ko da ana ganinsa, ƙiftawa tana ɗaukar kusan kwatan sakan, a wannan lokacin lezar 20 kHz ta yi bugu 5,000. Hasken CO2, mai maikiron 10.6, a fuskar ido yake tsayawa ya ƙone ta. Tabarau na wannan ba ya kare wancan, gilashin walda na gargajiya kuma ba a yi shi don ko ɗaya ba.

A jikin tabarau na ƙwarai akwai zangon da yake karewa da lambar ƙarfin kariya. Masu bin ma'aunin Turai na EN 207 suna ƙara harafi: D na mai kwarara, I na bugu mai tsawo daga maikurosakan 1, wato nanosakan 1,000, zuwa kwatan sakan, R na bugun nanosakan, M na abin da ya gaza nanosakan 1. Mai aiki da lezar rubutu ya nemi R tare da D a zangon 1,064, mai waldar QCW ya nemi I da D. Tabarau da ya tsage ko ya sami tabon ƙuna a jefar da shi, kuma duk wanda ke cikin ɗakin ya sa nasa, har yaron shago da ke miƙo kaya.